Motar gudu mai araha, yadda kamfani ya ƙera ta: za ta iya filin tsere?

"Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina sha'awar irin ranakun nan da ake buɗe filin tseren motoci ga kowa ya shiga da motarsa ya gwada tuƙi. Kuɗina ba su kai na motar tsere ba, amma zan iya sayen tsohuwar ƙaramar motar gudu ta hannu, kamar Mazda MX-5 ko Toyota 86. Abokaina sun ce asarar kuɗi ce in ban canza mata birki da shokazoba da taya ba, in kuma ƙara wa injin ƙarfi. Wani ma ya ce yini ɗaya zan kashe ta. Shin zan iya shiga da ita yadda take, ba tare da na canza komai ba?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko motar za ta jure wahalar fili, da kuma ko kai za ka ƙaru da ita in ba a yi mata ƙarin komai ba. Duka biyun amsarsu e ce. Za ta jure, kuma za ka fi koyon tuƙi a cikinta fiye da a motar da abokanka ke kwatanta maka. Sai dai ka riƙe wannan tun yanzu, domin duk bayanin da zai biyo baya a kansa ya ginu: barin mota yadda kamfani ya ƙera ta daban, barinta yadda mai ita na baya ya yi watsi da ita daban. Ta farko fili na maraba da ita. Ta biyu ita ce ake jawowa da igiya kafin azahar.

Me ake yi a irin wannan rana

A nan abokanka suka fara kaucewa. Ranar buɗe fili ba tsere ba ce. Babu na ɗaya, babu na ƙarshe, babu kofi. Masu shiryawa kan hayi filin na yini guda, su raba mutane rukuni-rukuni gwargwadon ƙwarewa, kowane rukuni ya shiga na minti 15 zuwa 20 ya fito ya huta. A wurare da yawa, musamman a Birtaniya, an hana ɗaukar lokaci ma gaba ɗaya, don da zarar an fara ƙirga daƙiƙa abin ya koma gasa. Wucewa ma da ƙa'idarta: a miƙaƙƙiyar hanya kawai, kuma sai na gaba ya ba ka dama, a Amurka da nunin hannu ta taga, a Birtaniya galibi da sigina. To wanda ba ya neman cin kowa, me zai yi da ƙarin ƙarfin doki 50? Abin da yake buƙata shi ne motar da za ta yi minti 20 tana aiki tuƙuru, ta huta, ta sake komawa, har yamma, sannan ta mayar da shi gida.

Dalilin da ya sa na fi son sabon shiga ya zo da ƙaramar mota

Aikina a irin waɗannan ranaku shi ne zama a kujerar gefe ina koyar da sababbi, kuma daga wannan kujerar bambancin a bayyane yake. Mai babbar mota yakan shiga kwana ba daidai ba, ya taka birki tun da wuri, ya rarrafa a tsakiya, da ya ga hanya ta miƙe sai ya danna totur injin ya biya masa bashin kuskurensa. Ya fito yana murna, alhali bai koyi komai ba. Mai ƙaramar mota ba shi da wanda zai biya masa. In ya zubar da gudu a kwana, zai daɗe bai dawo da shi ba, don haka dole ya koyi inda ake taka birki, yadda ake sakinsa a hankali yayin da ake karya sitiyari, inda ake taɓa cikin kwana, da yadda ake barin mota ta buɗe zuwa gefen waje. Sau da yawa nakan ga tsohuwar MX-5 ta manne wa motar da ta ninka ta ƙarfi a duk kwana, ta rasa ta a miƙaƙƙe, ta sake kamo ta a kwanar gaba, har mai babbar ya gaji ya ba ta hanya.

Akwai kuma maganar inda iyakar mota take. Mota mai taya ta gida da shokazoba mai laushi tana fara zamewa a gudun da kwakwalwarka za ta iya bi. Jikinta zai karkata, taya za ta fara kuka, sitiyari zai yi sauƙi a hannu, duk tana gaya maka cewa an kusa. Da ka ɗaura mata taya mai ɗanko, ka taurara ƙafafunta, iyakar ta matsa sama, gargaɗin kuma ya ragu. Ranar da za ta ƙwace, a babban gudu za ta ƙwace, ba kuma tare da sallama ba. Su kansu masu ƙera Toyota 86 da tagwanta Subaru BRZ, da suka fito a 2012, da gangan suka sa musu taya marar kamu sosai, Michelin Primacy HP, irin wadda ake samu a wasu motocin Prius, domin direba ya ji motsin bayan motar ba tare da ya kai gudun halaka ba. Wato abin da abokanka ke kira aibi, injiniyoyin da niyya suka yi shi.

Zafi, ba rashin ƙarfi ba

Abin da ke kayar da motar gida a fili zafi ne, kuma birki ne ya fi shan sa. Aikin birki shi ne ya mayar da gudu zafi. Yawan zafin yana tafiya daidai da nauyin mota, amma game da gudu ninki yake yi: in ka ninka gudu sau 2, zafin ya ninku sau 4. Ɗauki mota mai nauyin kilo 1,000 da ta sauko daga kilomita 160 a awa zuwa 60 kafin kwana. Makamashin da za a zubar ya kai kilojul 850, wanda zai kai lita 2 da rabi na ruwan sanyi ga tafasa, kuma cikin daƙiƙa 3 zuwa 4 yake shiga faifan birki. A titi sau ɗaya za ka yi irin wannan taku a wata, in ma ka yi. A fili kuwa sau da yawa a kowane zagaye, kuma kafin faifan ya huce an sake ɗora masa wani. In motar kilo 1,500 ce, a ƙara rabin wancan zafin a kowane taku. Ka ga ke nan dalilin da ya sa rashin nauyi ya fi ƙarfin inji daraja a wannan harka. MX-5 ta farko, wadda ta fito a 1989 da inji lita 1.6 mai ƙarfin doki wajen 115, nauyinta bai kai tan 1 ba, shi ya sa ƙananan birkinta ke isarta.

Birki yana gazawa ta hanya biyu, kuma ya kamata ƙafarka ta san bambancinsu. Ta farko, ka taka ka ji feda da tauri kamar kullum amma motar ba ta tsayawa yadda ta saba, ga wani wari mai ɗaci yana shigowa. Wannan fad ne, wato abin da ke matse faifan, ya wuce zafin da aka yi shi dominsa. Yana zuwa a hankali, yana ba ka zagaye ɗaya ko biyu na gargaɗi. Ta biyu ita ce mai ban tsoro: ka taka ka ji feda ta yi laushi tana nitsewa ƙasa. Man birki ne ya tafasa. Ruwa-ruwa ba ya matsuwa, shi ya sa yake isar da ƙarfin ƙafarka ga taya, amma tururi yana matsuwa, don haka da kumfa ta shiga layin, takunka a banza yake tafiya.

Me ke sa shi tafasa? Man birki na yau da kullum yana tsotsar danshi daga iska shekara da shekaru, ko da murfin a rufe yake. Mafi ƙarancin zafin da aka yarda sabon man birki mai lamba DOT 3 ya tafasa shi ne digiri 205 na Salsiyos, DOT 4 kuma 230, DOT 5.1 ya kai 260. Amma da sun sha danshi, ma'aunin ya sauko zuwa 140 da 155 da 180. Tsohuwar motar hannu da ba wanda ya san yaushe rabon a canza mata man birki, a wancan ƙasan take, ko ƙasa da haka. Saboda haka abu na farko, kafin hular kwano, kafin kuɗin shiga, shi ne a zuƙe tsohon man gaba ɗaya a zuba sabon DOT 4 mai jure zafi, a fitar da iska daga ƙafafu huɗu. Ka lura da DOT 5 marar ɗigo ɗaya a bayansa: na silikon ne, ba ya gauraya da sauran, kada ka bari a zuba maka shi. Wannan ba canji ba ne, hidima ce da littafin motar ma ya ce a yi, galibi duk shekara 2.

Game da fad, ƙa'idata ita ce kada ka shiga da wanda ya ci fiye da rabi. Siririn fad yana saurin ɗaukar zafi, yana kuma saurin miƙa shi ga man da ke bayansa, sannan cinsa a fili ya ninka na titi nesa ba kusa ba. Shin sai ka sa fad na tsere? A ranar farko, a mota marar nauyi, sabon fad mai kyau na titi yakan isa, domin sabon shiga ba ya kai birki iyakarsa. Amma ga wani abin da mutane ba sa tsammani: sababbi sukan fi ƙwararru dafa birki a wasu lokuta, saboda sukan ɗora ƙafa a kai su daɗe suna jan sa a hankali tun daga nesa. Taku mai ƙarfi kuma gajere yana ba faifan lokacin shan iska. In ka ga fad na titi ya fara gaza maka bayan ka saba, sai ka koma wanda aka yi don titi da fili duka. Girman ɗaya ne, wurin zama ɗaya ne, motarka ba ta tashi daga yadda take ba.

Taya

Ba na damuwa da sunan kamfanin da ke jikin tayarka kamar yadda nake damuwa da shekarunta. Duba gefenta za ka ga lambobi 4 a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Motocin gudu na hannu sukan daɗe a ajiye, sai ka tarar da taya mai zane cikakke amma robar ta bushe ta yi tauri, ga ƙananan tsaga a gefe. In ta haura shekara 6, ni ba zan zauna a gefenka a kanta ba. Kuma su zama iri ɗaya duka huɗun, ko aƙalla na gaba iri ɗaya, na baya iri ɗaya. Mota mai jan baya da aka haɗa mata taya kala-kala tana yin halin da ba mai iya hasashensa.

Iska ita ce saitin da kake da shi kyauta. Ka tafi da geji naka. Taya tana zafi iskar ciki tana hauhawa, ƙarin psi (ma'aunin iskar taya) 4 zuwa 8 ba abin mamaki ba ne bayan zagaye kaɗan. Fara da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ka auna da zarar ka fito tana da zafi, sannan ka duba kafaɗar tayar gaba ta waje. Yawancin tayoyi suna da ɗan alama, sau da yawa ƙaramin kusurwa uku, a inda zane ya ƙare gefe ya fara. In goguwar ta wuce nan ta gangara gefe, tayar tana naɗewa, tana son ƙarin iska ko kuma kai kana shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfinta. In motar ta fara yin kamar tana kan maiƙo bayan minti 10, iskar ta yi yawa ko robar ta dahu, sai ka sassauta. Da yamma kafin ka kama hanyar gida, ka mayar da iskar da ka rage, don da ta huce za ta yi ƙasa.

Kafaɗar tayar gaba ita ce za ta fi shan wahala a motar da ba a canza ba, wannan gaskiyar abokanka ce. Amma maganin farko saitin ƙafa ne, ba sababbin shokazoba ba. A MX-5 ana iya karkato saman taya ciki kaɗan da notocin da kamfani ya sa tun asali, kuma wannan kaɗai yana rage cin kafaɗa sosai.

Ga kuma dalilin da ya sa nake hana sababbi gaggawar sayen taya mai ɗanko. Ƙarin kamu yana nufin ƙarin gudu a ƙarshen miƙaƙƙiya, wato ƙarin zafi a birki. Yana nufin ƙarin nauyi a kan boris na ƙafa. Yana nufin baƙin man inji zai fi tattaruwa gefe guda a cikin kaskonsa a doguwar kwana. Ka canza abu ɗaya, ya jawo uku, kowanne da kuɗinsa. Motar da kamfani ya haɗa, an auna birkinta da tayarta da ƙafafunta su yi daidai da juna.

Inji

Inji mai lafiya ba ya tsoron a kai shi kusa da jan layi, don haka aka yi shi. Abin da yake tsoro shi ne rashin mai da rashin ruwa. Zuba sabon baƙin mai irin wanda littafin ya ce, ka cika har layin sama na sandar awo amma kada ka wuce, ka kuma duba bayan kowane shiga, domin injin da ba ya shan mai a titi yakan sha a fili. Tafi da ƙarin lita. A doguwar kwana mai gudu, man yana gudu gefe, in ya yi ƙasa famfon zai zuƙi iska, kuma daƙiƙoƙi kaɗan na haka sun isa su kashe inji. In fitilar mai ta ko ƙyafta, ka sassauta ka fita, ba sai an yi shawara ba.

Ɓangaren ruwa shi ne inda shekaru suka fi yin ɓarna. Lagireto mai kan roba da ya tsufa yakan canza launi daga baƙi zuwa ruwan ƙasa, alamar ya yi rauni ke nan. Tiyo da ya kumbura ko ya yi laushi, murfin lagireto da ba ya riƙe matsi, fambel mai tsaga, duk a titi za su iya kai ka wata shekara, a fili kuwa yini ba za su yi ba. Kuma in tiyo ya fashe ba kai kaɗai abin ya shafa ba, ruwan sanyaya inji santsi gare shi, na bayanka ne zai taka. Idonka ya riƙa leƙa allurar zafi a kowace miƙaƙƙiya. Fetur kuma za ta sha ninki biyu ko fiye na abin da ka saba, kuma wasu motocin sukan yi sarƙewa a kwana in tanki ya yi ƙasa da kwata.

Wurin da zan yarda a yi ƙari

Akwai abu ɗaya da ba na jayayya a kansa. Tsohuwar MX-5 buɗaɗɗiyar mota ce mai rufin tamfol. In ta kife, babu abin da ke tsakanin kanka da ƙasa sai firam ɗin gilashin gaba, shi kuma ba don ɗaukar nauyin mota aka yi shi ba. Masu shirya ranakun fili da yawa ba sa barin buɗaɗɗiyar mota ta shiga sai da ƙarfen kariya a bayan kujeru, wanda aka ɗaure da jikin motar sosai. Wasu har gwajin sanda suke yi: a ɗora sanda daga saman gilashin gaba zuwa saman ƙarfen, kai kana zaune da hular kwano, dole kanka ya kasance ƙarƙashinta da tazara. Ƙarafan ado masu ƙyalli da ake sayarwa ba sa cikin lissafi, suna iya lanƙwashewa su zama su ne haɗarin. In ba ka son wannan hidimar, Toyota 86 mai rufin ƙarfe ta raba ka da ita.

Bel ɗin kujera na kamfani ka bar shi yadda yake. Kada ka sa bel na tsere mai madauri 4 a kujerar gida ba tare da sauran kayan da ke tafiya da shi ba, domin an tsara shi ne ya yi aiki tare da kujerar tsere da ƙarfen kariya da abin tallafar wuya. Rabin tsarin tsaro ya fi cikakken tsarin kamfani haɗari. Hular kwano kuwa dole ce. A Amurka an fi neman mai tambarin Snell, kamar SA2020, wasu wuraren suna karɓar ta babur mai tambarin ECE, wasu ma suna bayar da haya.

Wace mota

An ce araha ba ta ado, amma a nan arahar da za ka duba ba ta ranar saye ba ce, ta kayan da ake ci ce: taya, fad, faifai, mai. MX-5 ta yi fice ne saboda tayarta ƙarama ce, kayanta ko'ina akwai, adadin da aka ƙera ya kai miliyan 1 tun a shekarar 2016, kuma duk wata cuta tata an santa an san maganinta. A Amurka har rukunin tsere guda aka gina a kanta, Spec Miata. Babban abokin gabanta tsatsa ne, musamman ƙasan ƙofa ta wajen tayar baya, da kuma ƙarafan gaba na samfurin da ya fito daga 1998. Toyota 86 ta fi ta nauyi da wajen kilo 250, ta fi ta ƙarfi domin dokinta kusan 200 ne, ta fi ta sabunta, tana kuma da na'urar hana zamewa, wadda nake ba sabon shiga shawara ya bari a kunne har sai mai koyarwa ya ce ya kashe.

Akwai waɗanda farashinsu ke ruɗi. Porsche Boxster ta farko takan yi arha a kasuwar hannu, tuƙinta kuma daɗi, amma in injinta ya lalace kuɗin gyaran na iya fin kuɗin motar. Mazda RX-8 tana da ƙafafu masu kyau ƙwarai, sai dai injinta mai juyawa da gangan yake ƙona baƙin mai, kuma wanda ba a kula da shi ba yakan rasa matsi. Nissan 350Z ƙarfi gare ta, amma nauyinta ya kusa tan 1 da rabi, tana cin taya da birki, baƙin manta kuma yana saurin zafi a fili. Toyota MR2 injinta a tsakiya yake, in ka ɗaga ƙafa daga totur farat ɗaya a tsakiyar kwana bayanta kan juyo da sauri, ba ita zan ba mai koyo ba. A kowane hali, lafiyayyar mota mai tarihin gyara ta fi samfurin da ake yabo amma an gaji da shi.

A ranar kanta

Kwashe komai daga cikin motar, har da tabarmar ƙafa ta direba, wadda kan zame ta shige ƙarƙashin feda. Ɗaure notocin wili da sifana mai auna ƙarfi tun da safe suna sanyi, ka sake dubawa da rana bayan sun huce. Zagayen farko na ɗumama taya da mai ne, na ƙarshe kuma na hucewa: ka rage gudu, ka yi shi kusan ba tare da taɓa birki ba, iska ta ratsa faifan. Ba dole ba ne ka cinye mintunan da aka ba ka. Motar gida ta fi son zagaye 5 ko 6 masu zafi sannan hutu, kuma hankalin sabon direba ma a nan yake fara raguwa.

Da ka tsaya, kada ka ja hambirki. Na sha ganin wannan: mutum ya fito yana fara'a, ya ja hambirki kamar yadda hannunsa ya saba, ya tafi shan ruwa, hayaƙi na tashi siriri daga wilin baya. Fad mai zafi da aka matse a faifai mai zafi yana barin tabonsa a wuri guda, daga nan sai ka riƙa jin karkarwa duk lokacin da ka taka birki, a ce maka faifan ya lanƙwashe. Ka tsaya a wuri mai daidai, ka kashe ta ka bar ta a giya, ka buɗe bonet. Tutoci kuma ka haddace su a taron safe: rawaya haɗari a gaba, a rage gudu, ba wucewa, ja an dakatar da tuƙi a filin, shuɗiya akwai mai sauri a bayanka, baƙa kai ake kira ka fito. In akwai mai koyarwa, ɗauke shi. Kuɗin da za ka ba shi ya fi kowane ƙarfe da za ka ɗaura wa motar saurin gyara maka tuƙi.

Maganar da ba a son ji

Yawancin inshorar mota ta yau da kullum ba ta biyan abin da ya faru a filin tsere, ko da ba gasa ake yi ba, kuma a ranakun fili al'adar ita ce kowa ya ɗauki asarar motarsa ko da wani ne ya buge shi. Akwai inshora ta musamman ta yini guda a wasu ƙasashe, ka karanta takardarka ka tambaya a rubuce. Wasu filayen ma suna cajin kuɗin shingen da ka lalata. Nürburgring ta Jamus, mai tsawon kilomita 20.8, ta shahara da wannan: a ranakun da take buɗe wa jama'a, wanda ya daki shinge shi zai biya gyaransa da kuɗin janye motar. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa mota mai araha ta fi dacewa. Ka tambayi kanka tsakani da Allah: in na bar ta a can ba ta gyaruwa, rayuwata za ta ci gaba yadda take? In ita ce kaɗai motar da kake zuwa aiki da ita, ko bashinta kake biya, amsar ta canza, komai lafiyarta.

Yaushe za a fara canji

Lokacin da motar ta fara hana ka abin da ka riga ka iya, kuma kana iya faɗin takamaiman abin. "Birki yana gazawa a zagaye na 4 a ƙarshen doguwar miƙaƙƙiya" dalili ne. "Ina son ta ƙara gudu" ba dalili ba ne. Kuma abu ɗaya a lokaci ɗaya, don ka san me ya kawo bambancin. Bisa abin da na gani, fad ne kan fara zuwa, sai saitin ƙafa, sai na'urar sanyaya baƙin mai in ana zafi a inda kake, sai taya, ƙarfin inji kuwa can ƙarshe, in ma an kai gare shi. Shokazoba da suka mutu a maye su da sababbi irin na kamfani. Mutane da yawa da ke yabon kayan tsere da suka saya, abin da suka ji kawai bambancin sabo da matacce ne.

Duk wannan bayani ne daga nesa, ba zai maye gurbin bakaniken da zai ɗaga motar ya girgiza kowace ƙafa, ya duba boris da tiyon birki da ɗigar mai ba. Ka gaya masa a fili za a yi amfani da ita, ba a titi ba, domin abin da zai ce "zai ɗan ƙara kai ka" a titi, a nan sai a canza shi. Dokoki kuma sun bambanta daga masu shiryawa zuwa masu shiryawa, musamman kan buɗaɗɗiyar mota da irin hular kwano da iyakar ƙarar salansa, wadda motar da ba a taɓa ba ba ta cika ƙetare ta ba. Nemi takardar dokokinsu ka karanta kafin ka biya kuɗin motar, don kada ka sayi wadda za a tsayar da ita a ƙofa.